Lambun da nake tattaki a gefen Gwarinpa: gaba ya yi kyau, baya kuma sai addu'a

Shekara biyu da wata huɗu kenan ina shiga lambun nan kusan kullum, banda ranar Juma'a da ranar da aka wayi gari da ruwan sama, dan haka ina ganin na kai in faɗi wani abu a kansa. Ba zan kama sunan wurin ba ko sunan kamfanin da ya karɓe shi, wanda ke zaune ta ɓangarenmu na Gwarinpa yana karantawa zai gane inda nake nufi, wanda kuma bai san wurin ba ya leƙa lambun da ke kusa da gidansa, ina kyautata zaton zai tarar da rabin abin da zan faɗa a can.

Likita ce ta tura ni. Bayan haihuwata ta huɗu jinina ya hau ya ƙi sauka, ta ɗora ni kan magani kuma tace Hajiya magani kaɗai ba zai yi miki ba sai kin riƙa motsa jiki, tace Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tayi babban mutum ya samu aƙalla minti 150 a sati, wato in kika yi tafiya mai ɗan sauri ta rabin awa sau biyar kin cika. Na fara a bakin titi, kwana uku nayi na haƙura. Masu mota sun yi fakin a kan inda aka yi dan masu ƙafa, wani wurin an ɗauke murfin kwata an bar rami a buɗe, ga hon ga hayaƙi, ga kuma mace da hijabi tana sauri da sassafe kowa sai ya waiwayo ya kalle ta ko lafiya. Maƙwabciyata ce tace min Yaya me zai hana mu gwada lambun can na bakin rafi, ai da safe ba kowa sai tsofaffi 'yan fansho.

Wurin ba wani babba bane. Geti ɗaya ne ta bakin titi, kana shiga zaka ga fili mai ciyawa, sai hanyar ƙafa da ta zagaye filin ta gangara bakin rafi ta bi ta ƙarƙashin itatuwa ta haura wata 'yar gadar katako ta dawo inda ka faro. Zagaye ɗaya minti goma sha biyu yake ɗaukata, uku nake yi. Rabin hanyar na gaba intalok ne, rabin na baya jar ƙasa ce da tsakuwa, kuma wallahi na bayan nan shine daɗin wurin gaba ɗaya. Akwai dogonyaro da malaina da mangwaro da kashu, sai wata ƙatuwar ɗorawa da ko ba'a faɗa maka ba ka san ta girmi unguwar, tun mutanen Gbagyi na noma wurin take tsaye. In ka sauka can ƙasa ƙarar titi sai ta ɗauke, kukan kurciya kawai kake ji da ruwa yana bin duwatsu, sanyin wurin ma daban yake da na sama ko a watan uku da garin nan ke zama kamar tanda.

Baban yara ya daɗe a harkar safiyo, shine ya fahimtar da ni cewa irin waɗannan filayen na bakin rafi ba mantawa aka yi da su ba. Tun da gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar dawo da babban birni nan a watan Fabrairun 1976, taswirar garin da aka kammala a 1979 da gangan ta bar bakin rafuka da kwaruruka da duwatsu a matsayin wuraren da ba'a gini, saboda ruwan damina ya samu hanyarsa kuma mutane su samu inda za su sha iska. Ko da aka taso daga Legas a ranar 12 ga Disamba 1991 haka tsarin yake a takarda. Daga baya ne aka yi ta yankar filayen ana sayarwa, waɗanda suka daɗe a garin nan suna tuna rusau ɗin zamanin El-Rufai yana minista tsakanin 2003 da 2007, da sunan dawo da taswirar aka yi shi. Kuma duk shekara muna ganin abin da ke faruwa a Lokogoma da wasu sassan Lugbe in ruwa ya tarar an gina gida a kan hanyarsa. Shi yasa nake ɗaukar ɗan lambun nan da muhimmanci, yana cikin ɗan abin da ya rage mana daga wancan tsarin.

Lokacin da na fara zuwa ma'aikata uku ne ke kula da wurin, babbansu wani dattijo ne ɗan wajen Kazaure da kowa ke ce wa Baba, daga Dei-Dei yake zuwa kullum amma duk sammakona sai in tarar ya riga ni. Da noman lambu ya taso a fadama kafin ya zo Abuja, kuma a wurinsa na gane ashe kula da irin wannan wuri ilimi ne mai zaman kansa, kowane wata da nasa aikin. Da rani ban ruwa yake yi da sassafe ko dab da magariba, na taɓa ce masa Baba me zai hana ka bari gari ya waye sosai kaga abin da kake yi, yace 'yata ruwan tsakar rana ai na rana ne, kafin ya kai saiwa ta shanye abinta. Busasshen ganyen da itatuwa ke zubarwa da hunturu baya ƙona shi, sharewa yake daga kan hanya ya tara a gindin ƙananan itatuwa dan ya riƙe musu laima, in ya ruɓe ya zama taki. In watan uku ya kama sai kaga yaran nasa sun hau sama da adda suna rage rassan da suka bushe ko suka yi nauyi, saboda iskar da ke zuwa da ruwan farko a watan huɗu ita ce mai karya reshe ta jefo kan mutum, kuma a daidai wannan lokacin ne suke shiga kwalbati da shebur su yashe ta tas, su bi 'yar kwatar gefen hanya su kwashe yashi da ledar da suka taru tun bara.

Da damina kuwa yaƙi ne da ciyawa. Duk wanda ya zauna Abuja ya san daga watan shida zuwa na tara ciyawa bata jiran kowa, ka yanke yau bayan sati biyu ta dawo kamar ba'a taɓa ta ba. Injin yankan ciyawa ɗaya gare su, tsoho mai igiyar ja, inda injin baya shiga adda suke sawa, kuma Baba yana da ƙa'ida, taku biyu ta dama taku biyu ta hagun hanyar dole ya zama a aske ƙwal dan mai tafiya ya riƙa hango abin da ke gabansa, yace maciji baya son fili. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi zaka ganshi da baro cike da tsakuwa yana bin hanyar baya yana cike inda ruwa ya fara ci, yana cewa rami in yana kamar tafin hannu shebur ɗaya ne maganinsa, in ka bar shi ya kwana damina sai an kira tifa. Yana duba gindin itatuwa saboda gara, yana ƙwanƙwasa katakon gada da ƙotar adda yaji wanda ya fara ruɓewa ta ciki. Mu masu zuwa ba wanda ya damu ya san duk ana wannan, abin da muka sani kawai muna tarar da hanya a share, takalmi baya nutsewa, mu yi zagayenmu mu gaisa mu tafi.

A lokacin fa ba wai komai ya cika bane. Banɗaki ɗaya ne kuma ba ruwa, fitila babu ko ɗaya, wayar da aka zagaye wurin da ita ta faɗi ta wani gefe awaki na shigowa, kuɗin shiga naira 100 ne wata ranar ma ba mai karɓa.

A watan bakwai na bara aka wayi gari an kafa allo, an ba wani kamfani wurin ya riƙa gudanarwa. Gaskiya naji daɗi, kuma har yanzu akwai abubuwan da dole in yaba musu dan zalunci ne in ɓoye. Sun yi sabon geti da wurin fakin, sun sa masu gadi biyu ɗaya mace, wanda ga mu mata wannan ba ƙaramin abu bane. Sun haƙa bohol sun ɗora tanki, banɗaki yanzu huɗu ne biyu na mata, da ruwa da buta kuma ana wankewa, ni da nake zuwa da ƙaramar yarinya ranar Asabar na san darajar wannan. Da muka roƙa sun yi famfo uku na alwala da ɗan dakali mai rufin kwano inda mutum zai shimfiɗa darduma, ba su yi mana gardama ba ko kaɗan. Bencinan ƙarfen da ke ƙona mutum da zafi sun cire su sun zuba na siminti a ƙarƙashin inuwa, sun sa lilo da abin zamiya na yara, sun ajiye kwandunan shara. Kuɗin shiga ya koma naira 500, masu zuwa kullum da safe kuma akwai tikitin wata na naira 5,000, ana biya da POS ko taransfa kuma suna ba da risit. Ranar Asabar akwai wata baiwar Allah mai kawo masa da miyar taushe da kunun aya a bakin geti, tsaf-tsaf da ita, masarta bata shan mai.

To duk wannan a gaba yake. Kana wuce ɗorawar nan ka gangara baya sai ka rantse wani wurin ka shiga daban.

Abu na farko da suka yi shine sallamar yaran Baba biyu, shi kuma aka dawo da shi bakin geti wai ya riƙa kula da furannin da aka shuka a tukwane inda mutane ke ɗaukar hoto. Fetur ɗin injin ciyawa kuma sai na filin gaba kawai ake bayarwa, dan shine ake haya ga masu biki da masu fatin zagayowar haihuwa. Kafin watan tara ya fita ciyawar hanyar baya ta kawo min ƙugu, hanyar da mutum uku ke jerawa suna hira ta koma ta mutum ɗaya, kana tafiya raɓa na jiƙa maka zani ƙaiƙayi na bin ƙafa. Wata safiya maciji ya gilma gabanmu tsakaninmu da shi bai fi taku uku ba, maƙwabciyata tun daga ranar bata sake sauka baya ba, kuma ban ga laifinta ba.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce tafi ci min rai saboda abu ne da aka ga zuwansa. Kwalbatin da ke ɗauko ruwan titi ta kai shi rafi ta cika da ledar fiya wata da robobin lemo, ba wanda ya shiga ya yashe. Ruwan ƙarshen watan takwas da ya zo ya tarar ba hanya sai ya haura ya bi ta kan hanyar ƙafa, ya yanke ta gida biyu. Ramin da farko bai fi a tsallake shi ba, yanzu ya kai gwiwa kuma sai faɗi yake ƙarawa, abin da suka yi kawai shine ɗora katako guda ɗaya a kai. Wani dattijo ɗan fansho da ke zuwa da sanda saboda ciwon suga, mutumin kirki mai yawan gaisuwa, a kan katakon nan ƙafarsa ta zame ya gurɗe, mu muka kama shi muka kai shi mota, ya fi wata biyu bai dawo ba. Ita ma gadar katako biyu sun fita daga tsakiyarta, babba zai iya lura ya tsallake amma yaro in ya taho da gudu fa? Na daina barin 'yata ta wuce ɗorawa.

Fitilun sola da kamfanin ya kafa ma haka. Na ƙirga goma sha huɗu a gaba, huɗu kacal a baya, kuma cikin huɗun nan uku sun daina kamawa tun tsakiyar hunturu. Da na yi wa Baba magana yace Hajiya ba lallai ma lalacewa suka yi ba, ƙura ce ta rufe gilashin sama rana bata shiga, tsani da tsumma kawai ake buƙata amma an ce ba aikina bane. Mu da muke fitowa bayan sallar asuba saboda mu koma mu shirya yara makaranta, a watan sha biyu da watan ɗaya har ƙarfe shida da rabi da sauran duhu ga hazo, mace ita kaɗai ba zata shiga ƙarƙashin itatuwa da fitilar waya ba, ko ni da na saba sai na jira mun taru mu uku ko huɗu.

Ranar da na ji kamar in yi kuka kuwa a watan sha biyu ne. Sabon yaron da suka ɗauka ya share ganye ya tara tuli guda ya cinna masa wuta, ga iskar hunturu, wutar ta bi busasshiyar ciyawa ta lashe ƙananan mangwaro biyar da Baba ya dasa da hannunsa yana ɗebo musu ruwa da bokiti daga rafi shekara biyu, ta kuma babbake gefe ɗaya na gindin ɗorawar. Ban ga laifin yaron ba dan ba wanda ya koya masa, haka ya ga ana yi a ko'ina. Mutanen da suka zo neman lafiya, wasu da asma wasu da ciwon zuciya, muka yi ta shaƙar hayaƙi muna tari. Baba yana tsaye da tiyo a hannu bakin geti yana hango hayaƙin, ko uffan bai ce ba. Kafin wannan kuma sun sare malaina biyu manya a gefen fili dan kanofi ya samu wurin zama.

Bikin ma bari in taɓo shi. Ni ba na adawa da a yi biki a wurin, namu ma ana yi, kamu da walima da suna duk na halarta a nan. Matsalar ita ce in an yi haya sai a kafa kanofi a kan hanyar ƙafar kanta a ɗaure igiya, motoci su hau kan ciyawa su danne ƙasa ta yi tauri ta daina tsiro, intalok ɗin ma ya fara lotsawa inda motar kaya ke bi. Safiyar Lahadi kuma sai ka tarar da robobin tekawe da ƙasusuwa da fasassun kwalabe, ba'a sharewa sai wajen ƙarfe goma, alhali mu masu tikitin wata shida muke zuwa. Abu ɗaya da zan faɗa dan adalci, har yau ban ga ana sayar da giya a wurin ba. Duk mun san yadda lambuna da yawa a garin nan suka koma wurin shaye-shaye da gasa kifi da daddare, Abuja ta kowa ce kuma kowa da rayuwarsa, amma ina roƙon Allah wannan ɗaya dai ya tsaya a wurin yara da tsofaffi.

Na samu manajan sau biyu. Yaro ne mai ladabi, Hausarsa irin ta Jos, ya ba ni kujera ya saurare ni har na gama. Yace Mama wallahi duk abin da kika faɗa gaskiya ne, amma ki duba, albashin masu gadi da dizal da kuɗin da muke biya na wurin duk daga biki suke fitowa, kuɗin masu tattaki ko man janareta baya saya, oga kuma in ya zo gaba yake dubawa. Nace ɗana na yarda, ba wanda zai zuba kuɗinsa dan ya yi asara, kuma na san yadda komai ya yi tsada. Amma mu masu zuwa da safe mun kusa arba'in, fiye da rabi tikitin wata muke saya, kuma abin da muke biya dominsa shine hanyar nan, ba mu zo ɗaukar hoto ba. Nace abin da nake roƙo ba na miliyoyi bane, ku maida Baba baya ku ba shi yaro ɗaya, galan ɗin fetur duk sati biyu da damina, tifa ɗaya ta tsakuwa, katako biyu da ƙusa, da tsani. Ya rubuta a takarda yace insha Allah zai kai sama. Bayan zuwana na biyu an gyara fitila ɗaya, an kuma fara share filin gaba da wuri ranar Lahadi, wannan na gani kuma na gode. Sauran shiru.

Wasu za su ce to ki tafi Millennium Park mana. Ina zuwa, kuma ina son wurin. Duk wanda bai taɓa kai yaransa ba ya daure ya kai su, yana Maitama kusa da Transcorp Hilton, hekta 32 ne, wani Ba'italiye mai suna Manfredi Nicoletti ya zana shi, Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu ce ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba 2003 lokacin da ta zo taron ƙasashe renon Ingila zamanin Obasanjo. Rafi ya raba shi biyu, gefe ɗaya an tsara shi da hanyoyi miƙaƙƙu da wuraren ruwa, ɗaya gefen an bar shi kamar daji, kuma ranar sallah in ka je sai ka ɗauka duk Hausawan Abuja da Mararraba da Suleja can suka taru da tabarmi da kuloli. Bakin tafkin Jabi ma da safiyar Asabar cike yake da masu gudu da masu motsa jiki rukuni-rukuni, ga dawakai ga kwale-kwale. Matasa kuma yanzu sun shiga hawan duwatsu, ƙanena duk ƙarshen wata suna tafiya wajen Ushafa kusa da madatsar ruwan Usuma. Duk suna da kyau, amma duk sai da mota, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wa zai ƙona fetur daga Gwarinpa zuwa Maitama sau biyar a sati dan ya yi tafiyar rabin awa ya dawo ya kai yara makaranta? Wancan na ranar hutu ne. Wanda likita ta ce in riƙa yi kullum sai dai a wurin da zan taka da ƙafata in je cikin minti bakwai, kuma ga irina da tsofaffin nan masu sanda wannan lambun shine kaɗai muke da shi.

Dan haka ga wanda ke tambaya ko ya je. In yara zaka kai su yi lilo su yi gudu a ciyawa, ko kina neman inda za ki yi ƙaramar walima da banɗaki mai tsafta da wurin sallah, je ki, kuɗinki ba zai tafi a banza ba, cikin goma zan ba gaban takwas. In kuma tattaki ne ya kawo ka, hanyar baya a yadda take yanzu uku zan bata, ukun ma saboda inuwa da kukan tsuntsaye ne. Ki zo da takalmi mai rufi mai kama ƙasa, silifas ba zai yi ba, kar ki sauka ke kaɗai kafin gari ya waye, in da tsoho a tare da ku ku tsaya kan intalok ku yi ta zagaya filin gaba duk da dai gajere ne sai an yi kamar sau takwas, kuma ranar Asabar da yamma ba lokacin tattaki bane saboda sifika. Talata zuwa Alhamis da safe sun fi kowane lokaci natsuwa. Tikitin wata yana da sauƙi in kina zuwa fiye da sau goma, ni dai na sabunta nawa.

Yanzu muna tsakiyar watan uku, ruwan farko bai fi saura 'yan makonni ba, kwalbatin nan kuma tana nan yadda take, ba a rage reshe ko ɗaya ba. Mun yi magana mu shida cikin matan safe da mazajen biyu daga cikinmu, mun haɗa kuɗin da zai ɗauki lebura biyu na yini ɗaya, manaja ya amince ya ba mu aron Baba ranar Asabar mai zuwa daga bayan asuba zuwa ƙarfe goma ya nuna musu inda za su fara. Baba yace a zo da shebur biyu da manjagara da buhunan zuba leda, baro akwai nasa, ya kuma ce in da hali a samo masa 'ya'yan mangwaro ko guda uku ne ya maida gurbin waɗanda suka ƙone tunda ruwa ya kusa. Duk mai zuwa tattaki a wurin da ke son sa hannu ta same mu a gindin ɗorawa, ta taho da safar hannu dan akwai kwalabe a cikin kwatar.